Dawar Kaka Tasalla

Zangarniya ɗaya ta ba ni,
naɗe a tsumma, daga rumbunta na Maiwurno.
Ta ce, "Kaura ce, irin gida.
Uwata ta ƙullo ta a bakin zane tun daga yamma,
shekara bakwai suna tafe,
Makka a gaba, damina tana riƙe musu ƙafa,
su shuka, su girbe, su ƙara gaba.
Kada ka gama min ita da fataritar mutanen nan."

Na kawo ta Wad Madani.
Na jiƙa ƙwaya goma, bakwai suka tsiro.
Na yanki ganye, na daka a turmin da bai kai kofin shayi ba,
na tace, na sake tacewa,
har wani farin zare ya taso a gindin kwalba,
siriri kamar saƙar gizo da raɓa ta kwana a kai.
Wuta ta ɗauke sau biyu.
Tajussir ya zagi janareta, ya dafa mana jabana da citta,
muka zauna jiran na'ura ta yi karatu.

Haruffa huɗu kacal ta sani,
amma da su aka rubuta kaura da kuka da kada.
Kowace ƙwaya tana kwafar littafin uwarta,
wani lokaci alƙalami ya yi tuntuɓe,
harafi ya zame, ba mai gyarawa,
'ya'ya su gaji kuskuren, jikoki su haddace shi.
In ka ga biyu sun yi tuntuɓe a wuri guda,
to tsatsonsu ɗaya.
Aikina ke nan: ƙirga tuntuɓe,
kamar mai bin sawun raƙumi da baya da baya
har ya kai inda aka ɗaura masa kaya.

Da asuba bishiya ta fito a allon kwamfuta,
kwance a gefenta kamar wadda iska ta kayar.
Ga kaurar Kaka a wani reshe,
ga fatarita a reshen da ke kusa, har suna gogar juna.
Na bi da yatsa.
Na zaci yamma zan nufa.
Sai saiwar ta karkata gabas,
wajen duwatsun Kasala,
ga wata ciyawa mai zubar da 'ya'yanta kafin a zo girbi.
Wani hannu, ban san mai shi ba,
ya taɓa zaɓar wadda ta riƙe nata,
ya ɓoye don baɗi.
Daga nan ta yi yamma, hannu zuwa hannu,
tun ba a haƙa rijiyar farko a garinmu ba.

Ban tsaya ba. Na ƙara ja da baya:
rake ya fito ɗan ɗaki, masara 'yar baffa,
shinkafa dangi ta nesa, irin ta gaisuwar mutuwa.
Can ƙasa, inda rassa suka ƙare,
na ga layukan da ni ma nake ɗauke da su a jinina.
Na janye yatsana.

Ran Juma'a na hau mota, na bi gaɓar Nilu.
Na same ta tana sheƙa a tsakar gida.
Na zayyana mata duka, har da zane a ƙasa.
Ta daɗe ba ta tanka ba, ƙaiƙayi na sauka a kan ƙafarta.

"Ashe gida ta dawo," in ji ta.
"Mu muna cewa mun goyo ta,
ashe ita ta san hanya."

Ta hure faifai, ta dube ni.
"Duk da haka tuwonta ya fi na fatarita.
Ina sauran ƙwayar?
Gajimare ya fara haɗuwa ta kudu."